Tarihin Adana Tsofaffin Sulalla a Turai da Amurka

Sulalla, wato kuɗin ƙarfe da hukuma ke bugawa da tambarinta, suna cikin kayan da suka fi juriya a duk abin da ɗan Adam ya ƙera, domin tun ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da aka fara buga su a ƙasar Lidiya da ke yammacin Turkiyya ta yau, an yi su ne don su sha hannu, su sha aljihu, su ratsa kasuwanni masu nisa ba tare da sun lalace ba. Wannan juriya ce ta sa mutane da yawa ke ɗauka cewa ajiye tsohuwar kwandala ba ya buƙatar wani ilimi, alhali tarihin masu tara su a Turai da Amurka, inda al'adar ta fi kafuwa, ya nuna akasin haka. Mai tara sulalla bai damu da nauyin ƙarfe kamar yadda ya damu da fuskarsa ba, wato wannan siririyar fata ta sama da ke ɗauke da rubutu da hoto da sheƙin da kwandala ta fito da shi daga maƙera, kuma a cikin shekaru ɗari biyar da suka shige mafi yawan ɓarnar da ta sami wannan fata ta fito ne daga hannun masu ƙaunar sulallan, ta hanyar gogewa da wankewa da kuma irin mazubin da suka zaɓa musu.

Hanyar ajiya mafi tsufa ita ce ta mai dukiyar da ya ji tsoron yaƙi ko ɓarawo, ya zuba kuɗinsa a tukunya ko jaka ya binne, sannan ajali ko gudun hijira ya hana shi dawowa. A shekarar 1999 an tono irin wannan taska a gonar Spillings da ke tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, mai nauyin kilo 67 na azurfa, ciki har da sulalla fiye da 14,000 waɗanda kusan dukkansu dirhamai ne na daulolin Musulunci, an ɓoye su a ƙarƙashin daɓen katako na wani gini tun ƙarni na tara. Abin da ya sa ƙasa ke iya riƙe ƙarfe tsawon shekara dubu shi ne a can ƙarƙashi zafi da danshi ba sa sauyawa da sauri, iska ba ta shiga sosai, babu kuma hannun da zai taɓa. Sai dai ƙarafa ba ɗaya suke ba wajen jure binnewa. Zinariya takan fito kamar jiya aka ajiye ta, domin kusan babu abin da ke cin ta a cikin ƙasa. Azurfa takan yi baƙi ko ta ɗauki wani ɓawo mai ruwan toka idan ƙasar na da gishiri, wani lokaci ma ta yi gautsi. Jan ƙarfe da tagulla kuwa sukan lulluɓe da kore ko ruwan ƙasa, kuma wannan lulluɓi, idan ya yi tauri ya zauna lafiya, shi ne ke kare abin da ke ƙarƙashinsa.

Tara sulalla don tarihinsu, ba don kashewa ba, ya samo tushe a Italiya a ƙarni na goma sha huɗu, ko da yake marubucin Rumawa Suetonius ya ambata cewa sarki Augustus yakan raba tsofaffin kuɗi da na ƙasashen waje a matsayin kyauta a lokacin bukukuwa. Mawaƙi Petrarch, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, yakan sayi sulallan da manoman inabi suka tono a gonakin Rum, kuma a 1354 ya miƙa wa sarki Charles na Huɗu wasu daga cikinsu a garin Mantua, yana nuna masa fuskokin sarakunan da suka gabace shi don ya yi koyi da su. Bayan da Guillaume Budé ya rubuta littafinsa kan kuɗin Rumawa da ma'auninsu a farkon ƙarni na goma sha shida, sha'awar ta bazu a fadojin sarakuna da gidajen attajirai da malaman jami'o'i, har ta zama alamar wayewa. Sarkin Faransa Louis na Goma Sha Huɗu ya kwashe taskar sulallan masarauta zuwa fadarsa ta Versailles a 1684 don ta kasance kusa da shi, ba a mayar da ita Faris ba sai 1741, kuma a Biyana ta ƙasar Ostiriya Joseph Eckhel ya wallafa mujalladai takwas tsakanin 1792 da 1798 waɗanda suka kafa tsarin jera sulallan dā bisa ƙasa da gari da zamani, tsarin da gidajen kayan tarihi ke bi har yau.

Da wannan al'ada aka sami mazubin da ya mamaye sana'ar na tsawon ƙarni huɗu, wato kabad ɗin sulalla. Ƙaramin akwati ne na katako mai ƙofa biyu, cikinsa jere da siraran farantai da ake jawowa kamar aljihun tebur, kowane faranti an fafe masa ramuka zagayayyu, kowane rami na ɗaukar kwandala ɗaya a kan shimfiɗar ƙyalle mai laushi. Hikimarsa a bayyane take, domin yana hana sulalla gogar juna, yana kare su daga ƙura da haske, yana kuma ba malami damar jawo faranti ɗaya ya ga sarautar sarki guda tun daga farkonta har ƙarshenta. A ƙarƙashin kowace kwandala akan sa 'yar takarda zagayayya da aka rubuta sunanta da nauyinta da inda aka samo ta da wanda aka saya daga hannunsa, kuma wannan 'yar takarda, kamar yadda za a gani a gaba, tana da daraja da ta kusa kai ta ƙarfen kansa.

An daɗe kafin a gane cewa kabad ɗin da kansa yana iya zama cuta. Katako yana fitar da tururi ko da ya bushe, kuma wasu itatuwa, musamman itacen ok da Turawa suka fi amfani da shi wajen kayan ɗaki, suna fitar da tururin asid irin na ruwan kal, wanda a cikin rufaffen akwati yakan taru ya ci darma har ta koma farin gari, ya kuma dusashe jan ƙarfe. Ta hanyar jarrabawa da asara masu yin kabad a Ingila suka karkata zuwa mahogani, itacen da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan da tsakiyar nahiyar Amurka, wanda dangi ɗaya ne da maɗacin ƙasar Hausa, saboda idan ya bushe sosai ba ya kumbura, ba ya kuma fitar da tururi mai yawa. Shimfiɗar ma tana da nata aibi, domin ulu na ɗauke da farar wuta, kuma farar wuta ita ce babbar mai baƙanta azurfa. Akwai kuma wata ɓarna da ba ta sinadari ba, wadda dillalai ke kira gogar kabad, wato duk lokacin da aka jawo faranti ko aka mayar da shi kwandala takan ɗan zame a cikin raminta, sai bayan shekaru hamsin ko ɗari a tarar da wurare mafi tudu na hoton, kamar kumatu da gashin kai, sun suɗe, alhali kwandalar ba ta taɓa shiga kasuwa ba.

Duk da haka, ɓarnar katako ƙarama ce idan aka kwatanta ta da ta gogewa. A ƙarni na goma sha tara da farkon na ashirin ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne kwandala mai kyau ita ce mai ƙyalli, don haka masu tarawa da ma'aikatan gidajen tarihi suka riƙa murza sulalla da garin alli da hodar goge azurfa da buroshi, suna tsoma su cikin asid. Taskar maƙerar kuɗi ta Amurka da aka kafa a Philadelphia a 1838, wadda aka mayar da ita cibiyar Smithsonian a 1923, ta ƙunshi sulallan da aka ware tun ranar da aka buga su, amma masu kula da ita sun goge na azurfar fiye da sau ɗaya, tabon yana nan har yanzu. Dalilin da ya sa wannan ɓarna ba ta gyaruwa yana cikin yadda ake buga kwandala. Idan tambarin ƙarfe ya danna fallen azurfa da ƙarfi, azurfar takan malala daga tsakiya zuwa gefe, ta bar wasu layuka ƙanana da ido ba ya iya rarrabewa, kuma su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa a fuskar sabuwar kwandala idan an karkata ta. Gogewa sau ɗaya tana share waɗannan layuka, ta maye gurbinsu da ƙarce-ƙarce, ƙyallin da ya biyo baya kuma na cokali ne, wanda gwani ke ganewa da kallo ɗaya.

Magungunan da ake amfani da su ma ba su bar masu amfani da su ba. A watan Yuni na 1922, J. Sanford Saltus, attajiri ɗan Amurka da ya yi suna wajen tallafa wa ƙungiyar nazarin sulalla ta New York, ya rasu a ɗakinsa na otal a Landan yana cikin wanke sulallan azurfa da gubar sayanayid, wadda a lokacin ake ɗauka magani ne na yau da kullum don cire baƙi, kuma binciken hukuma ya kammala da cewa ya kurɓi gubar ne bisa kuskure a zaton abin shansa ne. Misali mafi shahara na lalata taska da niyyar gyara kuwa shi ne na sarki Faruk na Masar, wanda ya tara ɗaya daga cikin manyan taskokin sulalla na zamaninsa. Bayan an tumɓuke shi a 1952, gwamnatin soja ta sa kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kayan a fadar Ƙubba da ke Alƙahira a 1954, inda masu saye suka tarar an goge sulalla da yawa, musamman na jan ƙarfe, an kuma shafe su da man ƙyalli mai bushewa irin wanda kafintoci ke shafa wa katako. Manufar shafin ita ce a raba ƙarfe da iska, kuma tunanin ba na banza ba ne, amma da yake an riga an murje fuskar kafin a shafa, abin da aka adana shi ne ɓarnar.

Ilimin kimiyya ya shigo sana'ar ne ta ƙofar yaƙi. A 1918, saboda tsoron bama-baman Jamus, gidan kayan tarihi na Birtaniya ya ɓoye wasu kayansa masu daraja a ramin jirgin ƙasan gidan waya da ke ƙarƙashin Landan, kuma da aka fito da su sai aka ga danshin ramin ya taɓa da yawa daga cikinsu. Aka gayyaci masanin sinadarai Alexander Scott ya binciki lamarin, daga nan aka kafa ɗakin gwaje-gwaje na gidan a 1920, wanda Harold Plenderleith ya shiga a 1924, ya kuma wallafa littafinsa kan kula da kayan tarihi a 1956, littafin da ya zama madogarar masu wannan aiki a ƙasashe da yawa. Darasin bai tafi a banza ba, domin lokacin da bam mai tayar da gobara ya ƙone ɗakin sulalla na gidan a daren 10 ga Mayu, 1941, an riga an kwashe taskar zuwa wajen Landan tun farkon yaƙin.

Babbar matsalar da masana suka yi fama da ita ita ce wadda ake kira cutar tagulla, kuma ta cancanci bayani saboda ita ce ke cinye kwandala ɗungurungum. Idan tagulla ta daɗe a ƙasa mai gishiri, sinadarin kuloraid na gishirin yakan haɗu da jan ƙarfe ya zauna a ƙarƙashin lulluɓin kore, ba ya motsi muddin babu iska da laima. Da zarar an tono kwandalar ta shaƙi iska mai danshi, sai wannan sinadari ya farka, ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, cin ya sake haifar da sinadarin, haka abin zai yi ta juyawa har rami ya huda kwandalar. Alamarta ita ce wani gari mai laushi, kore mai haske, da ke tsirowa a fuskar ƙarfe, ya bambanta da lafiyayyen lulluɓi mai tauri da santsi, kuma masu tarawa na dā sun ɗauka ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa. Magani na farko shi ne bushewa, wato a riƙe danshin iska ƙasa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, abin da ake yi da ƙwayoyin silika masu tsotse laima a cikin akwati mai rufi. A 1967 wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Brinch Madsen ya gabatar da amfani da sinadarin benzotirayazol, wanda ke manne wa jan ƙarfe ya yi masa shamaki. Shekaru shida bayan haka, a 1973, Andrew Oddy na gidan kayan tarihi na Birtaniya ya fito da gwajin da ke ɗauke da sunansa, inda ake rufe guntun katako ko ƙyalle ko fenti a cikin kwalba tare da ɗan ruwa da fallayen azurfa da jan ƙarfe da darma, a ajiye a zafin digiri 60 na ma'aunin Salshiyos har kwana 28, in fallayen sun sauya launi a san cewa kayan bai dace da ajiya ba. Da wannan gwaji mai sauƙi zaɓen mazubi ya tashi daga gado da zato ya koma abin aunawa.

Akwai sulallan da tun daga maƙera suka fito da rauni, waɗanda ko wace irin kulawa jinkirta ƙarshensu kawai take yi. Tsakanin 1684 da 1692 Ingila ta buga ƙananan kuɗi da kuza, da ɗan ɗigon jan ƙarfe a tsakiya don hana jabu, amma haɗuwar ƙarafan biyu a cikin danshi ta sa kuzar ke ruɓewa, shi ya sa samun lafiyayyensu a yau yake da wuya. Haka sulallan tutiya da na baƙin ƙarfe da Jamus da ƙasashen da ta mamaye suka buga a yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da aka karkatar da jan ƙarfe zuwa makamai. Ƙasar Hausa ma tana da rabonta a wannan babi, domin aninin farko da Turawan mulkin mallaka suka kawo a 1907, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, da alminiyam aka buga shi, yana cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma bai jure gumi da danshi ba, sai a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. Liyari kuwa, wato dalar azurfa mai hoton sarauniya Maria Theresa wadda ake ta bugawa da shekarar 1780 tun bayan rasuwarta, ta fi faɗawa hannun maƙeran farfaru, waɗanda suka huda ta don abin wuya ko suka narka ta don mundaye da zobba. Dillalin Turai yana kiran wannan ɓarna, kuma ta fuskar farashi haka ne, amma hudar shaida ce ta yadda aka yi amfani da kuɗin a wani wuri da wani zamani, kuma masanin tarihi ba shi da dalilin raina ta.

A Amurka ne al'adar ta sauko daga fada zuwa gidan talaka, kuma mazubi mai araha ne ya sauko da ita. A 1934, a tsakiyar matsin tattalin arziki, wani mutum mai suna Joseph Post a jihar Wisconsin ya ƙirƙiro allon kwali mai ramuka, kowane rami da shekararsa a rubuce, don mutum ya riƙa duba canjin aljihunsa yana cike gurabe. Kamfanin Whitman na garin Racine ya karɓi sana'ar, ya mayar da allon littafi mai ninkewa, yara da manya suka rungume shi. Sai dai kwali da takardar wancan zamani ana sarrafa su da sinadarai masu farar wuta, haka ma ƙananan ambulan da dillalai ke amfani da su, don haka azurfa ta riƙa sauya launi daga gefe zuwa tsakiya. Kundin sulalla da dillali Wayte Raymond ya fitar, wanda ya fi tsada, yana da siraran murafai masu haske da ake zugewa, su kuma sukan ƙarci kumatun hoton duk lokacin da aka zuge su. Danna kwandala cikin rami da babban yatsa ya ƙara wata matsala, domin gumi na ɗauke da gishiri da maiƙo, kuma zanen yatsa da ya kwana a kan jan ƙarfe yakan ci ya zauna har abada, dalilin da ya sa ƙa'idar riƙe kwandala ta gefenta kawai, a saman shimfiɗa mai laushi, ta zama darasin farko da ake koya wa sabon shiga.

A nan kasuwa ta yi wani juyi da ya dace a lura da shi. Launin da farar wuta ke jawowa a kan azurfa siririn lulluɓi ne wanda kaurinsa ke sa haske ya rabu zuwa ruwan zinariya da ja da shuɗi, kafin daga bisani ya koma baƙi idan ya yi kauri, kuma abin da kakanni suka yi ta gogewa sai jikoki suka fara biyan kuɗi mai yawa don samunsa. Dalolin azurfa da ake kira Morgan, waɗanda suka shafe shekaru da dama a rumbunan baitulmalin Amurka cikin buhunan zane masu cin dubu ɗaya ɗaya, sun nuna haka, domin waɗanda suka jingina da jikin buhu sun ɗauki launin bakan gizo, na tsakiya kuma suka fito fari fat, sai tabon karo da juna. Da gwamnati ta sayar da ragowar kusan miliyan uku tsakanin 1972 da 1980, mafi yawansu bugun maƙerar Carson City, ta sa su cikin kwanson roba mai tauri. Tsadar launi ta haifar da masu ƙirƙirarsa da zafi da sinadari, ta yadda gwanaye suka koma rarrabe launin da shekaru suka yi da wanda aka yi a dare ɗaya, alhali ta fuskar kimiyya dukansu tsatsa ce a matakin farko.

Roba ta zo a matsayin mafita daga takarda, amma nau'in da ya fi yaɗuwa bayan yaƙin duniya na biyu ya zama mafi muni a duk mazuban da aka taɓa gwadawa. Ledar PVC a asalinta mai tauri ce, sai an gauraya ta da wani mai kafin ta yi laushi ta zama 'yar jakar da dillali ke iya ninkewa, kuma da tafiyar lokaci, musamman a wuri mai zafi, wannan mai yakan tsattsafo ya kwanta a kan kwandala, ledar kuma ta saki asid mai kuloraid. Sakamakon shi ne wani kore mai yauƙi da danƙo, wanda idan an gano shi da wuri ana iya narkar da shi da sinadarin asiton ba tare da murzawa ba, idan kuwa ya daɗe sai a tarar ya ɓurme fuskar da ƙananan ramuka. Taskoki masu yawa da magada suka buɗe bayan shekara ashirin ko talatin a haka aka same su, kuma masu su ba sakaci suka yi ba, sun sayi abin da shagunan sana'ar suka sayar musu ne a matsayin kariya. Daga baya aka koma ledar foliyesta da ire-irenta da ba a sa musu man laushi, waɗanda suka fi tauri da saurin tsagewa amma ba sa fitar da kome.

Mataki na ƙarshe ya fito ne daga rikicin farashi. A 1949 William Sheldon ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70 don bayyana lafiyar tsofaffin kwabban Amurka, daga baya aka faɗaɗa shi ga dukkan sulalla, har ya zamana bambancin maki ɗaya a saman ma'aunin na iya ninka farashi sau da yawa, mai sayarwa da mai saye kuma ba sa taɓa yarda da maki ɗaya. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS a Kalifoniya, kamfanin NGC ya biyo baya a 1987, aikinsu shi ne su tantance kwandala, su ba ta maki, su rufe ta cikin kwanson roba mai haske da aka liƙe bakinsa ta yadda ba ya buɗuwa sai an fasa. Ta fuskar kariya daga yatsa da faɗuwa da goga, babu mazubin da ya kai wannan a tarihin sana'ar. Amma kwanson ba ya hana iska shiga gaba ɗaya, jan ƙarfe yakan ci gaba da yin ɗigo a cikinsa idan ɗakin na da laima, kuma akwai masu fasa shi su sake aika kwandalar da fatan ƙarin maki, wani lokaci bayan sun ɗan tsoma ta a magani. Yana kuma raba malami da abubuwan da yake buƙata, wato auna nauyi da duba gefe da jin ƙarfen a hannu, shi ya sa manyan gidajen kayan tarihi da yawancin masu nazarin sulallan Girka da Rum da na daulolin Musulunci suka ci gaba da amfani da faranti buɗaɗɗe, sai dai yanzu da kayan da suka ci gwaji, a ɗakin da ake auna danshinsa.

Abin da ya fi saurin salwanta a duk wannan tarihi shi ne labarin da ke tare da kwandala, domin dirhami da aka san an tono shi a Gotland hujja ce kan hanyar fatauci tsakanin ƙasashen Musulmi da arewacin Turai, wanda aka raba da takardarsa kuwa ya zama ɗaya daga cikin dubbai masu kama da shi. Fahimtar haka ta sauya yadda ake tono taska. Da aka gano tukunyar Frome a yankin Somerset na Ingila a 2010, mai ɗauke da sulallan Rumawa 52,503 na ƙarni na uku da nauyin kimanin kilo 160, wanda ya gano ta bai fasa ta ba, ya bar ta a wurinta ya kira masana, su kuma suka kwashe ta hawa-hawa suna sa wa kowane hawa lamba, aka kai sulallan gidan kayan tarihi na Birtaniya aka wanke su da ruwa aka busar kafin lakar ta ƙame. Rubutu da awo da hoto su ne kuma kaɗai ke saura idan ɓarawo ya riga mai gadi. A watan Nuwamba na 1831 an sace kimanin kilo 80 na kayan zinariya daga taskar Faris, aka narka mafi yawansu, har wasu abubuwan ba a san siffarsu a yau ba sai ta zanen da aka yi musu tun kafin satar. A watan Nuwamba na 2022 kuma aka fasa gidan kayan tarihi na Manching a kudancin Jamus aka kwashe sulallan zinariya 483 na mutanen Kelt, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, kuma da aka kama waɗanda ake zargi a shekarar da ta biyo baya, abin da aka samu a hannunsu dunƙule-dunƙulen narkakkiyar zinariya ne, waɗanda masu bincike suka danganta da taskar ta hanyar auna gaurayen ƙarfen da ke cikinsu.